Mai zanen tambarin da ta min aiki: ta iya, amma kar ku je mata hannu rabbana

Tunda na canza sitikar kayana ake ta tambayata wa ya min, toh bari in yi bayanin gaba daya kowa ya gani in huta da maimaitawa. Wata baiwar Allah ce mai aikin dizayin, ba kamfani ba ne ita kadai take abinta, a Behance na ga ayyukanta inda masu zane ke baje kolinsu. Sana'ata sabulu da man shafawa. In a takaice kuke so, aikinta ya yi kuma zan sake komawa, sai dai tana da tsarinta da ba kowa zai iya jurewa ba, musamman mai gaggawa.

Abu na farko, ba ta zana komai sai kin amsa tambayoyi. Ko kudin kafin alkalami ba ta karba ba sai da ta turo min wata takarda doguwa, wa ke sayen kayanki, shekarunsu kamar nawa, a ina suke fara ganin kayan, su waye masu irin sana'arki da kike gogayya da su, wane tambari ne in kin gani yake ba ki haushi kuma me ya sa. A wajen masu saye in kika rubuta "kowa da kowa" za ta dawo miki da takardar, ta ce kowa da kowa ba mutum ba ne, ba a yi masa zane. Da farko abin kamar jarrabawa wallahi, amma daga baya na gane rabin aikin ke nan, domin mai dizayin ba ta san kwastomominki ba, ke kika san wacce ke sayen kwalba daya duk wata da wacce ke sara da yawa ta je ta sayar, in ba ki fada ba sai ta zana abin da ya burge ta ita, ki biya kudi ki karbi son ran wata.

Don haka duk mai shirin daukar irin wadannan mutanen, ita ce ko wani, ya zauna tukuna ya tsayar da sunan sana'arsa, tsayarwa ta gaske ba wai yau wannan gobe wancan ba, ya duba ko wani bai riga shi rajistar sunan ba, ya duba ko sunan a sake yake a Instagram da sauran wuraren da zai bude shafi. Canza suna bayan an gama zane sabon aiki ne da sabon biya. Sannan ya tara hotunan abubuwan da yake so da wadanda ba ya so, ko guda goma ne, sun fi a ce "ina son abu mai aji", domin aji a wajenki daban a wajenta daban.

Tambayar da ta fi min amfani ita ce ina da ina tambarin zai zauna. Na lissafa mata, murfin kwalba, kwalin sabulu, leda, hoton WhatsApp, rasit, kila allon kofar shago nan gaba. Sai ta ce in auna mata murfin karamar kwalbata. Cikin zanen da ta fara kawowa akwai wani da raina ya kwanta da shi sosai, ganye ne da siraran layuka kamar an zana da allura, a fuskar waya kam ba a magana. Ta ce in fitar da shi a takarda daidai fadin murfin in yanka in dora. Na dora, layukan nan duk suka hade suka zama wani dabbare kamar tawada ta zube, sunan ma sai na kanne ido kafin in karanta. Wanda na raina, mai kaurin layi, shi ya fito tas. Haka ta gwada min shi a da'ira, tunda WhatsApp da Instagram zagaye suke yanke hoto, dogon tambari sai a datse masa kai da kafa, shi ya sa ta yi min iri biyu, cikakke mai suna da kuma karamin na alamar kadai. Ta kuma ba ni na baki da fari zalla saboda hatimi da rasit.

Wajen mika fayil nan ne na ba ta maki cikakke. Da yawa hoto kawai za a turo miki, JPG ko PNG, su kuma digo-digo ne aka jera, da an ja su za a yi babban allo sai su fashe su yi dishi-dishi. Wanda ake bukata shi ne irin su AI (fayil din manhajar Adobe Illustrator), EPS, SVG, su ba digo ba ne layi ne da lissafi, ko bango guda za a cika da su ba sa lalacewa. Duk ta ba ni, har da PNG marar bango wanda ake dorawa a kan hoto ba tare da farin akwatin nan a bayansa ba. Kala ma ta rubuta min lambobinta, ta waya da kwamfuta daban wato RGB da HEX, ta injin bugawa daban wato CMYK, domin waya da haske take nuna kala, inji kuma da tawada hudu yake hadawa, shi ya sa koren da kika gani yana sheki a waya yake fitowa a dushe a kan kwali ki yi ta fada da mai firinta alhali ba laifinsa ba ne. Yanzu lamba nake ba shi, ba na cewa "kore mai dan duhu haka".

Wani abu da ku masu suna na Hausa ya kamata ku tambaya tun farko, haruffa masu lankwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Ni kaina ga shi ina rubutu ba na sa su, amma a kan kwali dole a sa, kuma ba kowane salon rubutu ke da su ba, wani sai ya fito da akwati fanko a wajen harafin. Sunan kayana akwai daya a ciki, wanda ta fara zaba ba shi da shi, sai ta koma ta nemo mai shi. Jerin salon rubutun Noto na Google suna da su kuma kyauta ne. Ku tambayi lasisin rubutun ma, wasu na kudi ne, kuma lasisin mai dizayin ba lallai ya rufe ki ba.

Sai batun mallaka wanda mutane ba sa kawowa a rai. A kasashe da yawa, har da Amurka da Ingila, biyan kudi kadai ba ya mayar da hakkin zane naki in mai zanen ba ma'aikacinki ba ne, sai an rubuta an sa hannu cewa ya mika. Ita a yarjejeniyarta akwai wannan layin, hakki na komawa gare ni da zarar na cika kudi, ita kuma tana da damar nuna aikin a shafinta. Zanen da ban zaba ba nata ne, wannan ma a rubuce yake.

Inda ta gaza kuwa, amsa sako. Sai ki tura magana ta kwana ta wuni shiru, ba ta karya ranar da ta sa ba gaskiya, amma shirun nan yana cin rai in kin riga kin ba da rabin kudi. Gyara zagaye biyu ne a cikin farashin, na uku da kudinsa, kuma ba ta daga kafa ko kadan, don haka in za ki nuna wa 'yan uwa da kawaye ki nuna musu a lokaci daya ki tace ki tura gaba daya, kar ki rika tura mata ra'ayin kowa daya bayan daya. Tsara lebul din kwalba ma ba ya cikin aikin tambari, daban ake biya, ya kamata ta fadi haka da babbar murya tun farko ba a can kasan takarda ba. Littafin ka'idojin amfani da tambarin da ta hada min kuma turancin masu zane ya yi masa yawa, sai da ta min bayani da murya.

Masu cewa me ya sa ban yi a Canva ba, manhajar nan da mutum ke hada zane da kansa, Canva na da kyau wajen fosta da tallan yau da kullum, har yanzu ina amfani da ita, amma su da kansu sun ce tambarin da aka hada da zanukansu na gama-gari ba a yi masa rajistar alamar kasuwanci, kuma wani ma zai iya daukar irinsa sak. Akwai Fiverr da aka fara a 2010, shafin da ake daukar masu aiki ta intanet, akwai 99designs na Ostareliya da suka fara a 2008 inda ake sa gasa masu zane da yawa su kawo ki zaba, duk hanyoyi ne, ko ina kika samo dai ki sa zanen a Google Lens ki ga ko akwai shi a wani wuri. Wanda injin AI ya zana shi kadai kuwa, ofishin hakkin mallaka na Amurka ya ce ba ya ba shi kariya. Kuma tsada ba ita ce kyau ba, alamar Nike dala 35 aka biya wata daliba Carolyn Davidson a 1971.

In har yanzu kina gwada sana'ar ne ba ki san ko za ta dore ba, ko sunan ma bai zauna ba, ki dakata da daukar mai zanen nan tukuna, rubutu mai tsafta a farar sitika ya ishe ki. In kuma kin fara buga kwali da yawa, toh ta cancanci kudinta, tauraro hudu cikin biyar na ba ta, dayan na rike saboda shirun nan. Ki sa a rubuta ranar mika fayiloli da irinsu daya bayan daya, kuma kar ki cika ragowar kudin sai mai firintarki ya bude su a kwamfutarsa ya ce sun yi.