Zagayen tarihi a Palermo: wuraren da suka cancanci lokacin baƙo

Na biya kuɗin zagayen ƙafa tare da ɗan jagora a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, kuma ra'ayina shi ne kuɗin bai tafi a banza ba, sai dai wuraren da aka kai mu ba su zo ɗaya a daraja ba. Musulmi sun ci birnin a shekarar 831, Normaniyawa, wato Kiristocin da suka samo asali daga arewacin Faransa, suka karɓe shi a 1072, kuma gine-ginen da suka rage daga zamanin Normaniyawan ne hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2015.

Wanda lokacinsa ya ƙure, to ya fara da Cappella Palatina, ƙaramar cocin da Sarkin Normaniyawa Roger na biyu ya gina a cikin fadarsa. Bangonta lulluɓe yake da zanen ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya irin na Rumawa, amma abin da ya fi tsayar da ni shi ne silinta na katako, wanda aka sassaƙa kamar saƙar zuma a salon magina Musulmi, da rubutun Larabci a kewayensa. A waje kuma akwai allon dutse na shekarar 1142 da ke bayanin wani agogon ruwa da Latin da Girkanci da Larabci. A fadar wannan sarki ne malamin labarin ƙasa Al-Idrisi ya kammala taswirar duniya a 1154, inda ya ambaci ƙasashen Kanem da Kawar. Da ba don jagoran ba, da na wuce allon nan ban ko lura da shi ba, kuma a nan ne na ga amfanin kuɗina.

Babbar cocin birnin, wadda aka soma ginawa a 1185 a wurin da ya taɓa zama masallacin Juma'a, ta fi kyau daga waje. A ƙofar shigarta akwai ginshiƙi mai ɗauke da ayar Alƙur'ani, a ciki kuma akwai kabarin Roger da na Sarki Frederick na biyu. To amma gyaran da aka yi mata a ƙarshen ƙarni na 18 ya shafe mafi yawan tsohon fasalinta na ciki, saboda haka rabin awa ta wadatar.

Cocin San Giovanni degli Eremiti, mai jajayen ƙubbobin da ke cika hotuna, ƙarama ce kuma kusan babu ado a cikinta; jan launin ma a gyaran ƙarni na 19 aka shafa shi. Lambunta ne kawai ya riƙe ni.

Abin da zagayen bai haɗa da shi ba, kuma ya kamata a ce ya haɗa, shi ne cocin Monreale da ke kan tudu a wajen birnin, wadda Sarki William na biyu ya fara a 1174. Na je da kaina a bas, na tarar da zanen zinariya da ya ninka na fadar girma sau da yawa. Mai niyyar zuwa ya sa tufar da ta rufe kafaɗa da gwiwa, domin wuraren nan har yanzu ana ibada a cikinsu, kuma ya bincika lokutan buɗe fadar tun da wuri, tunda majalisar yankin Sisili a can take zama.