Kafin ku buɗe D&D a fada: yadda za a gina jarumi da wanda ya dace da sabon shiga

'Yan uwa masu tambaya ta kan wasan nan na Dungeons & Dragons, wanda ake zama mutum huɗu ko biyar, ɗaya yana jan labari sauran kowa na riƙe da jaruminshi a takarda, to kafin ku kashe ko dala ga abin da nake ganin ya kamata ku auna. Wasan ya fito a Amurka tun 1974, Gary Gygax da Dave Arneson suka ƙirƙiro shi, yanzu yana hannun kamfanin Wizards of the Coast, bugu na 5 ya fito 2014 aka sake gyara shi 2024. Duk lissafin da zan kawo na bugun 2014 ne.

Maganar kuɗɗi gajera ce. Kada ku fara da sayen manyan littattafai, a nan Maraɗi sai an yi oda daga waje kuma kuɗin kawowa kaɗai ya isa ya kashe ma mutum gwiwa. Kamfanin da kanshi ya saki ƙa'idojin farko kyauta a intanet, Basic Rules, da aji huɗu a ciki, wato nau'o'in jarumi irin su mayaƙi da mai sihiri, kuma akwai takardar ƙa'idoji da ake kira SRD wadda aka fassara har da faransanci, a sauke a waya a kai fotokofi shafukan da ake buƙata, shikenan. Ƙwayoyin jefawa guda 7 ne a saiti, mafi aiki ita ce mai fuska 20, in babu akwai aplikasiyon a waya, ko a rubuta 1 zuwa 20 a 'yan takardu a zuba cikin hula a riƙa zara. Mai fuska 6 kuwa ta lido ta wadatar. Kuma tunda na san wani dattijo zai wuce ya ga ƙwaya ya yi zaton caca, a faɗa mishi gaskiya da ladabi, ba a sa ko tamma a wasan nan.

Inda nake son mu daɗe shi ne lambobi shida na jarumi, ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira da kwarjini, don nan ne ake ɓata wasa tun ranar farko ba a sani ba. Hanya uku ce ta samun lambobin nan. Ta farko jefa ƙwaya, a jefa huɗu masu fuska 6 a cire ƙaramar a tara ukun, sau shida. Wallahi tana da daɗi, ana ihu ana tafi, amma ku duba abin da take haifarwa, wani ya samu 18 wanda ke ba shi ƙarin 4 a kowace jifa, na kusa da shi mafi girman lambarshi 13 ƙarin 1 kacal, kuma a ƙwaya mai fuska 20 kowane ƙari ɗaya kashi 5 cikin 100 ne, ke nan tazarar kashi 15 tsakaninsu a duk sara, ba na dare ɗaya ba, na watanni, don jarumin nan da shi za a yi ta tafiya. Tsohon hannu zai iya jin daɗin jarumi mai rauni, ya mai da shi abin labari. Sabon shiga kuwa yana ganin abokinshi na kada dodo shi yana ta kuskure, sati biyu ka daina ganinshi a fada, kuma ba zai ce maka dalili ba, wannan abin yana ɓata min rai sosai don laifin tsarin ne ba na yaron ba.

Ta biyu sayen maki, kowa a ba shi maki 27, lamba na farawa daga 8 kyauta ba ta wuce 15, 13 na cin maki 5, 14 na cin 7, 15 na cin 9. Adalci ne tsantsa amma sai wanda ya riga ya san me kowace lamba ke yi, in ba haka ba a ƙare shayi na uku ana lissafi ba a fara labari ba, kuma mai wayo zai yi 15 uku da 8 uku ya bar sabo da lambobi tsaka-tsaki marasa amfani.

Ta uku ita nake ba ku shawara kai tsaye, jerin da aka riga aka tsara, 15, 14, 13, 12, 10, 8, kowa ya raba su yadda yake so. In ka lissafa kuɗinsu a tsarin sayen maki 27 ne cif, wato babu wanda aka cuta, kuma minti biyar an gama. Babbar lamba a sa ta inda ajin ke aiki, 14 ko 13 a juriya don kada a faɗi da wuri.

Sai aji. Mayaƙi, Fighter ko guerrier a na faransanci, shi ne na farko a wurina, yana farawa da rai 10, wato yawan ciwon da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, da ƙarin juriya, yana sa kowane irin sulke, yana da dabarar da yake warkar da kanshi sau ɗaya kafin hutu, in jarumin ya ci gaba ya kai mataki na 2 ya samu damar yin aiki biyu a zagaye guda, a na 3 in ya ɗauki reshen mayaƙi da ake kira Champion jifar 19 ma ta zama mugun sara kamar 20. Abin da zai riƙe a kai kaɗan ne, sai hankalinshi ya koma kan labarin da magana da mutanen cikin labarin, wanda shi ne asalin wasan. Masu cewa mayaƙi na gundura, wannan maganar wanda ya shekara yana wasa ce.

Rogue, ɗan sanɗa, na wanda ke son wayo da leƙe-leƙe da buɗe makulli, rai 8, yana da ƙarin ƙwaya ɗaya mai fuska 6 in ya kai hari abokinshi na tsaye kusa da abokin gaba, sharaɗin ne kawai sai an maimaita mishi sau da yawa. Barbarian, mayaƙi mai fushi, ba ya cikin huɗun Basic Rules na 2014 amma yana cikin SRD, rai 12, in ya fusata rabin ciwon sara da duka kawai ke kama shi, sau biyu kafin dogon hutu, shi ma mai sauƙi ne ƙwarai.

Wizard, mai sihiri, fa a dakata. Rai 6 yake farawa da shi, goblin ɗaya, wani ƙaramin dodo, na iya cire 8 a sara guda, ga dabarun sihiri shida a littafinshi da ƙanana uku da gurabe biyu kacal na amfani da manyan, kullum sai ya zaɓi wanda zai shirya, karatu ne sosai. Cleric, mai bautar wani abin bauta na cikin labarin, ya fi shi ƙwari kuma yana warkar da mutane amma jerin da zai zaɓa daga ciki ya fi tsawo. Sannan akwai abin da ba zan ɓoye ba, a garinmu wani ba zai ji daɗin riƙe jarumi mai sihiri ko mai bautar wani abin ƙage ba ko da a takarda ne, kada a matsa mishi kuma kada a yi mishi dariya, mai jan wasa na iya gina labarin fatake da 'yan fashi da garuruwa masu ganuwa, mayaƙa da 'yan sanɗa su ishe shi.

Wanda ya ji ana yabon wani wasa irin wannan mai suna Pathfinder bugu na 2 na kamfanin Paizo, 2019, gaskiya ne daidaitonshi ya fi tsauri, ba a jefa ƙwaya wajen gina jarumi a tsarinshi na asali, kowa aiki uku a zagaye, ƙa'idojin na nan kyauta a shafin intanet na Archives of Nethys. Amma zaɓuɓɓukan sun yi yawa ga daren farko kuma shafin da turanci yake. Ku fara da jerin 15 zuwa 8, mai jan wasa ya cike takardun mayaƙi biyu da ɗan sanɗa ɗaya tun a gida ya bar gurbin suna da tarihin jarumi kowa ya rubuta nashi, ku kuma yarda tun farko cewa duk wanda bai ji daɗin nashi ba zai iya canzawa kafin mataki na 3.