Garmaho, faifan CD, manhaja ko abin kunne: ina mai son kiɗan finafinan almara zai fara sa riyal ɗinsa?

Ɗan yayata ya same ni bayan isha'i a gida, nan Jidda, da 'yan kuɗin da ya tara a aikin hutu. Ya ce, "Kawu, garmaho zan saya, irin na zamani. An ce kiɗan The Lord of the Rings sai a baƙin faifai ake jin daɗinsa." Na ce ya zauna tukuna. A wurina ya koyi son wannan kiɗa, don haka ba zan zura ido ya zuba guminsa inda ba zai yi masa rana ba. Abin da na faɗa masa a daren nan nake so 'yan'uwa na Jidda da Makka da Riyad su ji, domin tun da aka sake buɗe gidajen sinima a ƙasar nan a 2018 na ga yaranmu da yawa sun kamu da son irin wannan sauti.

Sai ka san abin da kake son ji kafin ka san abin da za ka saya. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan, domin ya san take. Ranar hawan Sallah, tun kafin ka hango laima, kakaki da tambari sun gaya maka wanda ke tafe. Abin da Howard Shore, mai tsara kiɗan, ya yi ke nan a finafinan The Lord of the Rings guda uku da suka fito a 2001 da 2002 da 2003: kowace al'umma da takenta, kowace ƙasa da nata, har zoben da aka gina labarin a kansa yana da nasa. Mahaya dawaki ya ba su wani goge na ƙasar Norwe da ake kira Hardanger. Ƙasar mugun sarki kuwa ya ba ta rhaita ta Arewacin Afirka, 'yar'uwar algaitarmu ta jini, har sunan ma tushensu ɗaya. Ranar da na fara tsinkayo ta a tsakiyar makaɗan London Philharmonic sai da na mayar da faifan baya sau uku, tsigar jikina na tashi. Ga kuma taron muryoyi: manya na London Voices, da yara maza na makarantar London Oratory, suna rerawa da harsunan da marubucin littafin, Tolkien, ya ƙirƙira da kansa. A wurin da aka shiga ramukan dutse a fim ɗin, ƙartin maza ne zalla suke gurnani kamar ƙasa za ta tsage.

To, irin wannan kiɗa yana da wata ɗabi'a da ita ce za ta yi maka jagora a kasuwa. Yana sauka har ya zama raɗa, muryar yaro ɗaya tal a kan goge, sannan ya tashi ya zama aradu. Waƙoƙin da muke ji a mota an daddanne su ne ƙararsu ta zama kusan ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa kowane iyafis yake iya ɗaukarsu. Wannan ba haka yake ba. Kuma babban abokin gabarsa a Saudiyya ba arhar na'ura ba ne, mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki. Wata nawa muke yi a shekara ba a kashe shi ba? Gunjinsa yana haɗiye duk wuraren raɗa, ka ƙara murya don ka ji, tambura su faɗo su kusa fasa maka kunne. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Tambaya ta farko ita ce wane bugu. Kowane fim an fitar masa da faifai guda a shekarar fitowarsa, mai ɗauke da abin da ya ɗan haura sa'a ɗaya, an tsinto wurare masu daɗi an harhaɗa. Daga baya aka fitar da cikakken kiɗan da sunan The Complete Recordings: na farko a 2005 faifai 3, na biyu a 2006 faifai 3, na uku a 2007 faifai 4, kowanne da ƙarin faifan DVD mai sautin da ke kewaye ɗaki. An sake buga su a 2018. Jimillarsu ta kai wajen sa'a 10. Sabon shiga ya fara da gajeren, ba laifi. Amma wanda take ya riga ya kama shi, gajeren ba zai ƙosar da shi ba, don daɗin abin shi ne ka ji take ɗaya ya zo da sarewa cikin kwanciyar hankali, bayan sa'o'i ya dawo da ƙaho cikin yaƙi, can kuma ya dawo da muryoyi a wurin makoki. Gajeren bugu kamar a nuna maka hotunan hawan daba ne, cikakken kuwa ka tsaya a ƙofar fada tun daga farko.

Ka kuma lura da sunan makaɗa. A manhajoji akwai tarin kwaikwayo da aka haɗa a kwamfuta, da hoton takobi a bango, muryoyin ciki ba na mutane ba ne. Ba duk maimaici ne na banza ba: kiɗan da Basil Poledouris ya yi wa Conan the Barbarian a 1982, makaɗan birnin Firag sun sake ɗaukarsa a 2010, kuma aiki ne na mutunci. Abin dubawa shi ne a rubuta maka sunan gungun makaɗan da na jagoransu. Inda aka ɓoye su, ka wuce.

Sai ta ina kiɗan zai iso gare ka. Manhaja ita ce mafi sauƙi, kuma ga yawancinmu ita ce daidai. Spotify ya shigo yankin nan a 2018, Anghami tun 2012 yake, ga YouTube Music, ga Apple Music wanda tun 2021 yake ba da sautin da ba a rage masa komai ba, ba tare da ƙarin kuɗi ba. Kafin ka biya kowanne, ka nemi cikakken bugun da sunansa ka tabbatar yana ciki. Na kyauta kam bai dace da wannan kiɗa ba, domin talla za ta yanke maka muryoyi a tsakiyar kuka. In ka biya, ka shiga saiti ka ɗaga ingancin sauti zuwa ƙarshe, ka kashe abin da ke gauraya jerin waƙoƙi, sannan ka sauke kiɗan ta wayifai don kada ya cinye maka data. Ra'ayina, bambancin da ke tsakanin mafi ingancin matsattsen sauti da wanda ba a matse ba ƙarami ne, kunnuwa da yawa ba za su rarrabe ba, balle a ɗakin da mukayyif ke aiki. Kada wannan ya zama abin da zai raba ka da kuɗinka.

Faifan CD yana da abu biyu da manhaja ba ta da su. Naka ne har abada, ba ruwansa da ƙarewar rajista, kuma yana zuwa da ɗan littafin da ke bayanin taken kowane wuri. Wahalarsa, sai dai ka yi odarsa daga waje, ka biya dako da harajin kashi 15 cikin 100, kuma cikakkun bugun sukan ƙare a kasuwa su koma hannun masu tsawwalawa. Sannan ka tambayi kanka ko akwai abin da ke karanta CD a gidanka ma.

Garmaho kuwa, wanda yaron nan ya ƙwallafa wa rai, shi ne na ƙarshe a lissafina. Ba na musun kyansa. Amma bugun 2018 na fim na farko faifai 5 ne, na uku faifai 6, kowane gefe kusan minti ashirin, wato za ka riƙa tashi kana juyawa daidai lokacin da labari ya ɗau zafi. Ƙura tana sa shi ƙaraf-ƙaraf a wuraren raɗa, inda ba ka so. Zafi kuma yana lanƙwasa shi. Na taɓa ganin wanda aka bari a mota yini guda da bazara, ya fito kamar faifan da aka saƙa aka jiƙa. Ga wani abu da masu zuwa kasuwar gwanjo ta Harajin Sawarik a Jidda neman tsofaffin kaya ba su cika sani ba: wutar Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Turai da Najeriya sau 50. Tsohon garmahon da injinsa ke bin bugun wuta, in na Turai ne, zai yi gudu fiye da ƙa'ida da kashi 20 cikin 100, muryoyin ƙarti su koma na yara. Ka duba bayansa kafin ka biya.

Inda nake so kuɗin su tafi shi ne abin kunne, samma'a kamar yadda muke cewa a nan. Iri uku ne a gabanka. Akwai mai buɗaɗɗen baya, irin Sennheiser HD 600, wanda masu son kiɗan goge suka daɗe suna yabo. Yana shimfiɗa maka makaɗa kamar kana zaune a zaure, amma ƙarar ɗaki tana shiga, taka tana fita, kuma da yake om 300 ne (om shi ne ma'aunin yadda abin kunne ke turje wa wuta), waya kaɗai ba za ta iya tura shi ba sai da ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti. Wannan na mai ɗakin kansa ne mai shiru. Akwai mai rufaffen baya mai igiya, irin Audio-Technica ATH-M50x, ko Sony MDR-7506, ko Beyerdynamic DT 770 Pro da ke zuwa a om 32 da 80 da 250. Waɗannan suna tare maka rabin gunjin mukayyif, ba sa damun wanda ke barci kusa da kai, kuma in ka ɗauki mai ƙarancin om, ɗan mahaɗin da ake soka wa waya ya isa. Sai na uku, marar igiya mai kashe hayaniya. A bas, ko a jirgin ƙasa na Haramaini, babu kamarsa, kuma gunji mai ɗorewa irin na mukayyif shi ya fi ƙwarewa a kai. Sai dai Bluetooth yana matse sauti, batirinsa yana tsufa, kuma da yawansu an cika musu ƙarar ganga har tana danne muryoyi.

Ka gwada da kunnenka, a kantin Jarir ko na eXtra ko duk inda aka ajiye na gwaji, da kiɗan da ka sani. Ka sa wurin da taron muryoyi da ƙahoni suka haɗu. In kana iya bin muryoyin mata daban, na maza daban, abin kunnen ya ci. In suka cakuɗe suka zama kunu, ka ajiye, ko nawa aka rubuta a jikinsa. Ka taɓa matashin kunnen ma: na roba mai kama da fata yana sa gumi kuma laimar Jidda tana sa shi saɓulewa, na ƙyalle ya fi sanyi, don haka ka tambaya ko ana samun na canji. Ka karɓi fatura, wato rasit, ka tabbatar garantin na wakilin cikin ƙasa ne.

Manyan lasifikoki ban ce komai a kansu ba da gangan. Mafi yawanmu a gidajen haya muke, bango ɗaya da maƙwabci, akwai jariri, akwai tsoho, akwai mai karatun Alƙur'ani, akwai kuma wanda bai yarda da kiɗa ba sam, kuma haƙƙinsa ne kada ka cusa masa. Kiɗan da sai an ɗaga shi ake jin raɗarsa ba na irin wannan gida ba ne.

Yaron ya ɗauki rufaffe mai igiya da ɗan mahaɗi, ya biya manhaja, ya ajiye sauran kuɗin da niyyar tikiti, tunda yanzu ana kawo manyan makaɗa ƙasar nan. Hans Zimmer ma, shahararren mai tsara kiɗan finafinai, ya yi wasa a Riyad a farkon 2025. Bayan kwana biyu ya kira ni wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kawu, wallahi na ji algaitar."