'Yan tsanan talabijin na da, da katun ɗin waya na yanzu

Hajiya, kin tambaya ko shirin 'yan tsana masu waƙa da muka kalla muna yara ya fi katun ɗin da jikokinki ke kallo a waya, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke ɗibarmu. Na kalli na farkon da idona, na biyun kuma kullum yana kunne a tsakar gidana.

A ƙauyenmu, can gefen Wudil, talabijin ɗaya ce tal, baƙi da fari, a gidan hedimasta. Da batirin mota take aiki, sai ranar Juma'a a ɗora shi a keke a kai shi caji idan za a ci kasuwa. A lokacin NTA Kano ba ta buɗe tasha sai ƙarfe huɗu na yamma, don haka ana idar da la'asar za ki ga yara sun cika tabarma, wani da ƙaninsa a goye. Shirin da ya fi tsaya mana a rai shi ne Sesame Street, wanda aka fara a Amurka a 1969. Ƙaton tsuntsun nan na cikinsa, sai da na girma na san ashe rawaya ne, mu toka-toka muka san shi.

Abin da ya raba su na farko shi ne hannu. 'Yar tsana mutum ne ke ƙarƙashinta, ya ɗaga hannunsa sama da kansa, yatsunsa na buɗe bakinta, siraran sanduna na motsa hannuwanta, shi kuma yana duban ƙaramar talabijin a ƙasa don ya ga abin da muke gani. Shi ya sa take jinkiri irin na mutum. Takan tsaya, ta karkata kai, ta kalli yaron da ke gefenta kafin ta amsa. Waƙarta ma haka take, gajera ce, ana maimaita ta har sai ta zauna. Da ita na iya ƙirga ɗaya zuwa goma da Turanci tun ban shiga aji ɗaya ba. Yawancin katun ɗin da nake gani a waya kuwa gudu yake, hoto bai gama tsayuwa ba wani ya ture shi.

Amma gaskiya ɗaya ce, a wajen harshe na yanzu ya yi mana zarra. Mu fa ba ma jin abin da 'yan tsanan ke faɗa, dariyar ɗan hedimasta muke bi. Yau yaro zai iya samun shiri da Hausarsa. Ko shi Sesame Street ɗin an yi na Nijeriya a 2011, da 'yan tsana Kami da Zobi mai son doya, daga baya aka yi na Hausa mai suna Dandalin Sesame. Da mun samu wannan a lokacinmu, da abin da muka kwasa ya ninka.

Inda na fi jin ciwo shi ne zaman. Mu talatin muke kallo tare, mu fito muna rera waƙar har bakin rijiya, gobe wanda ya manta baiti wani ya tuna masa. Kuma shirin yana ƙarewa, hedimasta ya zare wayar batiri, kowa ya kama hanyar gida kafin magariba. Waya ba ta da ƙarshe. Wani na ƙarewa wani ya hau, yaro shi kaɗai a lungu, ki karɓe ta kuma a kwana ana kuka.

Don haka ni dai, Hajiya, ina bayan na da, ban da maganar harshen nan. Abin da nake yi yanzu, in nemo na 'yan tsana da Hausa, in jingina wayar a jikin turmi, in kira har 'ya'yan maƙwabta. Guda ɗaya muke kallo, in ya ƙare in mayar da ita aljihu, sannan in ce wa zai rera mana abin da ya ji.