Hattara da Masu Tallar "Wuƙar Japan" a Facebook

Jama'a, a yi hattara. Tun da Babbar Sallah ta matso, wani shafi yake ta tallar saitin wuƙaƙe, wai ƙarfen Damaskas ne daga Japan, kuma sai ka tura kuɗi kafin a aiko. Yayata ta tura. Abin da ya iso gwangwani ne mai walƙiya, ko sati bai yi ba ya dakushe. Da ta kira lambar, an toshe ta.

Abin da ya fi ƙona min rai, da mun san fasalin wuƙaƙen da tun daga hoto mun gane ƙaryar. Wadda mai tallar ya kira santoku, wato wuƙar girki ta Japan, doguwa ce mai tsini da lanƙwasasshen ciki. Ai wannan wuƙar kuku ce irin ta Turai, mai tsawon kamar santimita 20. Santoku ta gaskiya gajera ce, santimita 16 zuwa 18, kaifinta kusan miƙe yake, gadon bayanta ne ke sunkuyowa ya haɗu da baki. Nakiri kuwa, wata wuƙar Japan ɗin, mai kusurwa huɗu ce, ba ta da tsini, ta yankan ganye da albasa ce kawai. Shi kuma ita yake cewa a sara ƙashin rago da ita! Wuƙaƙen Japan sirara ne, ƙarfensu ya fi na Jamus tauri, shi ya sa suke ɓarewa idan sun ci karo da ƙashi. Tambayi kowane mahauci: wuƙar fiɗa daban, ta yanka daban, ta sara daban.

Sai maganar zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ke jikin wuƙaƙen. A Damaskas na ainihi, ninka ƙarfe da ƙarfe ne ke fitar da shi, don haka ba a samun wuƙa biyu masu zane iri ɗaya sak. Namu da muka jera su shida a tabarma, zanen bai bambanta ba ko da layi ɗaya. Inji ne ya buga shi a sama.

Duk mai cewa kayansa na Japan ne, ya faɗi sunan maƙerin da garin, kamar Seki ko Sakai. In ya ce na Jamus ne, sunan Solingen, garin maƙeran wuƙaƙe, ma doka ce ke kare shi a can, kuma kamfanoni irin su Wüsthof suna buga sunansu da lambar samfuri a jikin wuƙar.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa kafin ranar layya. Kada kowa ya biya sai ya riƙe wuƙar a hannunsa.