Stantler ko Sawsbuck: wace barewa za ka riƙe?

Ƙanena ya same ni a zaure a unguwar Birni ta Damagaram, salula a hannu, ya ce: "Yaya, cikin barewan nan biyu na Pokémon, wacce ta fi?"

Pokémon dai wasan bidiyo ne da ake kiwon halittu ana haɗa su faɗa. Stantler ce babba a shekaru. Ta fito tun wasannin Gold da Silver a 1999, lambarta 234 a jerin halittun wasan. Sirrinta yana ƙaho: wanda ya ƙura masa ido sai kansa ya juya, ya riƙa ganin abin da babu shi. Ta daɗe ba ta rikiɗa zuwa wata halitta, sai a 2022 aka ba ta damar zama Wyrdeer, wadda har hawanta ake yi. A fagen faɗa halittu masu dambe kaɗai ke yi mata illa sosai.

Sawsbuck kuwa ta zo da Black da White a 2010, ƙaramar barewa Deerling ce ke girma ta zama ita a mataki na 34 na ƙarfi. Ita ce ta kama zuciyata. Ƙahonta reshen itace ne mai bin lokutan shekara: yau furanni, gobe ganye kore shar, sannan ja, da sanyi kuma fari fat. Ɗan Damagaram da ya saba ganin gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, zai gane wannan nan take. Tana da sukar Horn Leech, mai tsotse lafiyar abokin gaba ta ƙara wa kanta.

Rauninta dai da yawa: wuta, ƙanƙara, dafi, ƙwari, masu tashi da masu dambe duk suna cin ta.

Duk da haka na ce masa, "Riƙe Sawsbuck, amma kada ka tura ta gaban mai wuta."