Keken guragu mai fedar hannu: abin dubawa kafin a biya kuɗi

A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa ainihin ƙwayar shan inna, wadda ake kira ta daji, ta ƙare a Najeriya, amma waɗanda ta shanye wa ƙafa suna nan, da yawansu magidanta ne da matan aure. Allah bai halicce su don zaman bakin titi ba. Akwai mai kan karatu, akwai mai hannun ɗinki ko gyaran waya, kuma sau da yawa abin da ya shiga tsakaninsu da wannan baiwa tafiyar kilomita biyu ce ko uku. Nan keken guragu mai taya uku yake da rana. A Kano, Aminu Ahmed Tudun Wada da ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa sun daɗe suna ƙera shi, haka ma cibiyar Beautiful Gate ta Ayuba Gufwan a Jos, ga kuma masu walda na unguwa a garuruwa da dama.

Babban alherinsa shi ne da kayan keken hawa ake haɗa shi: taya, tubu, sarƙa, boris, birki. Duk mai faci zai iya gyara shi, ba kamar kujerar asibiti ta ƙasar waje ba, wadda ƙananan tayoyinta na gaba ke nutsewa cikin yashi, in sun karye kuma sai an sha neman madadinsu.

Sai dai ba kowane keke ne ya cancanci kuɗinsa ba. Fara da feda. Hannuwan fedar biyu su fuskanci waje ɗaya, suna hawa da sauka tare. In mai walda ya bar su yadda suke a keken ƙafa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kan keken zai riƙa karkata dama da hagu a kowane juyi, saboda fedar ce kuma sitiyarin. Sannan a ƙirga haƙoran faifan da sarƙa ke hawa. Na keken ƙafa yakan kai 44 zuwa 48, an yi shi ne don ƙarfin cinya. Hannu ba shi da wannan ƙarfi. Faifai mai haƙora 28 zuwa 32, da ƙarami mai 20 ko 22 a jikin taya, ya fi sauƙin tuƙi. Gudu zai ragu, amma kafaɗa za ta daɗe, kuma ga wanda ƙafa ta shanye kafaɗa ita ce jarinsa. In ta lalace, sana'a ta tsaya.

Wurin zama shi ne inda kekunan rabo, irin waɗanda ake jerawa a taro a ɗauki hoto, suka fi gazawa: awo ɗaya ga yaro ɗan shekara 10 da ƙato ɗan 40. Dole a auna mai hawa. Faɗin kujera ya zama faɗin ƙugunsa da ɗan sarari kaɗan, tsawonta ya tsaya yatsu biyu zuwa uku kafin bayan gwiwa, in ya tura feda zuwa ƙarshe kuma gwiwar hannu ta rage ɗan lanƙwasa. Soso ya kai inci 3 ko 4, mai tauri. Mai shan inna yana jin zafi, zai gyara zama da kansa. Wanda lakarsa ta taɓu a haɗari ba ya ji, gyambo zai iya cin mazaunansa bai sani ba. Shi kam kada a ɗora shi kan katako da siririn soso, a nemi shawarar likitan gashin ƙashi tukuna.

Wajen lalacewa, walda ce kan gaba, musamman inda wuyan keken ya haɗu da gangar jiki. Siririn bututu da ɗigon walda nan da can ba sa jure ramuka. A duba kafin a yi fenti, don fenti yana rufe aibi. Sarƙa tana yawan zamewa idan faifan sama da na ƙasa ba su kan layi ɗaya. A sa mata mai duk mako, a goge ƙura tukuna, in ba haka ba man da yashin su haɗu su cinye haƙora. A nemi murfin sarƙa ma, saboda tana daf da hannun riga da mayafi.

Akwai abin da keken ba zai iya ba. Nauyin mutum yana kan tayoyin baya, mai ja kuwa ta gaba ce, don haka a hawa ko cikin taɓo sai ta yi ta juyawa a banza. Shan kwana da gudu yana kifar da shi. Ba ya shiga ɗaki ko bayi, matakala kuwa sai an ɗaga shi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu, amma har yau makarantu da masallatai da dama ba su da gangara.

Duk da haka muna ba da shawarar sayensa, da sharaɗin a je da mai hawa wurin maƙeri, ya tuƙa a kan ƙasa ba kwalta kawai ba, ya gwada birki a gangare. Mai niyyar sana'a ya sa a yi masa akwati a ƙarƙashin kujera, tsakanin tayoyin baya. Kayan da aka ɗora can bayan tayoyin suna ɗaga gaba, tayar da ke ja ta rasa kamun ƙasa.